Sulallan zinarin tsofaffin fina-finai: na gaske ne ko na gangan?

Tun daga watan Maris na 2025, da farashin zinari ya haura dalar Amurka 3,000 a kan kowace oza (kimanin giram 31) a karon farko, maganar tsofaffin sulallan zinari ta dawo bakin mutane. A Facebook da TikTok za ka ga an ɗora hoton wata kwandala mai sheƙi, an rubuta cewa ita ce wani jarumi ya riƙe a fim kaza, ko kuma irinta ce 'yan fashin teku suka binne, can ƙasa kuma ga lambar waya. Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan kaboyi ya san wannan hoton: a fasa akwati, zinari ya malalo, jarumi ya ɗebo da hannu biyu yana dariya. To shin waɗannan sulalla zinari ne na gaskiya? In ba shi ba ne, me ya sa ake sayen wasu kayan fim da miliyoyin daloli? Kuma wanda aka kawo masa irinsu ya saya, me yake saye?

Amsar a taƙaice ita ce kusan duk tulin zinarin da muke gani a allo ba zinari ba ne. Dalilan da suka sa haka su ne suka cancanci a tsaya a kansu, domin wanda ya fahimce su da wuya a cuce shi.

Daraja uku da ake cakuɗa su wuri ɗaya

Kwandalar zinari tana iya yin tsada ta hanyoyi uku, kuma kowace hanya da ma'auninta.

Ta farko ita ce darajar ƙarfen kansa. A ɗora a sikeli, a san karat nawa ne, a lissafa da farashin ranar. Wannan ita ce wadda mai shagon gwal ya sani.

Ta biyu darajar tarihi ce: wa ya buga ta, a wace shekara, guda nawa suka rage a duniya, kuma yaya lafiyar jikinta. Misali mafi shahara shi ne kwandalar dala 20 ta Amurka ta shekarar 1933. Zinarin da ke cikinta bai cika oza ɗaya ba, amma a watan Yuni na 2021 an sayar da guda ɗaya a gwanjon Sotheby's a kan kusan dala miliyan 18.9. An buga 445,500 a waccan shekarar, gwamnati ta narkar da kusan dukkansu kafin su shiga hannun jama'a, kuma wannan guda ɗayar ce kawai doka ta yarda wani mutum ya mallaka. An yi imanin cewa ita ce wadda ta taɓa zama a taskar Sarki Faruk na Masar. Mu ma a tarihin Musulunci akwai irin wannan: wani dinarin Umayyawa na shekara ta 105 bayan Hijira, mai ɗauke da ambaton ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, an sayar da shi fam miliyan 3.72 a Landan a 2011, alhali nauyinsa giram huɗu da 'yan kai ne.

Ta uku ita ce darajar fim. A nan ba a tambayar ƙarfen, ba a tambayar sarkin da ya buga. Abin da ake saye shi ne cewa wannan abu, shi ɗin nan da kansa, ya bayyana a gaban kyamara.

Mai damfara ba ya ƙirƙiro sabuwar ƙarya. Yana ɗauko abin da ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan, ya yi maka magana kamar yana da duka ukun.

Dokar da ta raba Hollywood da zinari

Akwai wani abu da masu kallo da yawa ba su sani ba. Zamanin da ake kira na fitattun fina-finan Hollywood ya zo daidai da zamanin da aka hana Amurkawa tara zinari.

A ranar 5 ga Afrilu, 1933, ana tsakiyar durƙushewar tattalin arziki, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan umarni mai lamba 6102. Umarnin ya tilasta wa jama'a su miƙa sulallan zinari da sandunansa ga banki kafin 1 ga Mayu, a biya su dala 20.67 a kan kowace oza. Wanda ya ƙi, yana iya fuskantar tarar dala 10,000 ko ɗaurin shekara goma. An yi togaciya kaɗan: mutum na iya riƙe abin da bai wuce na dala 100 ba, masu sana'ar da ke aiki da zinari na iya riƙe na aikinsu, haka ma masu tara sulallan da ba a cika samunsu ba. Shekara ta gaba gwamnati ta ɗaga farashin zuwa dala 35. Ba a sake sakar wa Amurkawa mara su mallaki zinari yadda suke so ba sai ranar 31 ga Disamba, 1974.

Ke nan shekara arba'in da ɗaya, kamfanin fim da ke Kalifoniya ba shi da hanyar zuwa banki ya ce a cika masa akwati da dalolin zinari. Da yawansu ma an riga an narkar da su an mayar sanduna. Abin da ya rage shi ne ɗakin ƙera kayan fim: a yi zubi da tagulla ko dalma ko wani ƙarfe mai araha, a yi masa ruwan gwal ko fenti.

Ko ba doka, akwai matsalar haske. Fitilun ɗaukar fim na wancan lokaci masu ƙarfi ne ƙwarai, kuma ƙarfe mai santsi yana mayar da haske cikin idon kyamara har ya ɓata hoto. Wani maƙerin kayan ado mai suna Eugene Joseff ya yi suna a Hollywood tun shekarun 1930 saboda ya samar da wani ruwan gwal mai dusasshen sheƙi wanda ba ya walwali a ƙarƙashin fitila, yana ba kamfanoni hayar kayansa. Wato a gaban kyamara, na gangan da aka ƙera don kyamara ya fi na gaske kama da zinari. A fim mai baƙi da fari kuwa, launin ma ba ya fitowa.

Masu wannan sana'a sun raba kayan gida biyu. Akwai 'yan ƙalilan da ake ƙerawa da kyau sosai domin su ne kyamara za ta matso kusa da su, su ne jarumi zai jujjuya a yatsunsa. Sai kuma na cika ido, dubbai, waɗanda ake bugawa da gaggawa, wani lokaci ma a shimfiɗa su a saman akwatin da cikinsa katako ne.

A zo a yi lissafin nauyi

Wannan ɓangaren shi ne ya fi burge ni, domin ba ya buƙatar a yarda da kowa. Lissafi ne da ɗan makarantar sakandare zai iya yi.

Ɗauki fim ɗin kaboyi na Sergio Leone na 1966, The Good, the Bad and the Ugly. Labarin duka a kan dala 200,000 na sulallan zinari ne da aka binne a maƙabarta lokacin yaƙin basasar Amurka. An ɗauki fim ɗin a Turai, galibi a Sifaniya, don haka dokar Roosevelt ba ta hau kansa ba. Abin da ya hau kansa shi ne nauyi. Kwandalar dala 20 ta wancan zamani nauyinta giram 33.4 ne. Dala 200,000 na nufin guda 10,000, wato kilo 334. Ko da ƙananan sulalla ne na dala 10 ko 5, nauyin bai canza ba, domin gwargwadon darajar ake awon ƙarfen. Kilo 334 ya kusa buhun siminti bakwai. A ƙarshen fim ɗin jarumi ya ɗora rabin dukiyar a kan dokinsa, shi ma ya hau, ya kama hanya. Rabi kilo 167 ne, fiye da buhun siminti uku, ga nauyin mahayi. Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san ba za a yi nisa ba. Kuma da zinari ne na gaske, a farashin dala 3,000 kowace oza, tulin ya kai kimanin dala miliyan 29.

Haka akwatin 'yan fashin teku. Zinari tsantsa ya fi ruwa nauyi sau 19.3, dalma sau 11.3, tagulla kuwa wajen sau takwas da rabi. Akwati madaidaici mai tsawon santimita 60, faɗin 40, zurfin 30, in aka cika shi da sulallan zinari, ko an cire gurbin iskar da ke tsakaninsu, zai haura kilo 700. Idan ka ga mutum biyu sun ɗauke shi suna gudu a kan rairayi, ka san abin da ke ciki.

Inda lissafin fim ya yi daidai da gaskiya shi ne a From Russia with Love na 1963, inda aka ba James Bond jaka mai ɓoye da fam-fam na zinarin Ingila guda 50. Kowace ɗaya giram 7.98 ce, duka ba su wuce giram 400 ba, abin da mutum zai ɗauka ba a gane ba. Kuma dabarar ba ƙirƙira ba ce. Ingila ta sha ba jami'anta da matuƙan jiragen yaƙinta irin waɗannan sulalla don su sayi hanyar tsira in sun faɗa bayan abokan gaba, har a yaƙin Tekun Fasha na 1991. Takardar kuɗi tana iya zama banza da an tsallake iyaka, zinari kuwa ko'ina yana da mai karɓa.

Abin da fim ke arowa shi ne suna

Sau da yawa abin da fim ke ɗauka daga tarihi sunan kwandala ne da labarinta. A 1947 an yi wani fim mai suna The Brasher Doubloon, daga littafin Raymond Chandler, a kan satar wata kwandala. Kwandalar akwai ta da gaske. Wani maƙerin zinari a New York, Ephraim Brasher, maƙwabcin George Washington, shi ya buga ta a 1787, kuma waɗanda suka rage ba su kai goma ba. A Janairun 2021 an sayar da ɗaya a kan dala miliyan 9.36.

Krugerrand, kwandalar zinari ta Afirka ta Kudu, ita ma ta shiga fim da nauyin siyasarta. An fara buga ta a 1967, da hoton Paul Kruger, tsohon shugaban Turawan Boer, a gefe ɗaya da barewa a ɗaya gefen, kowace tana ɗauke da oza ɗaya cif ta zinari. Ta mamaye kasuwar sulallan zinari ta duniya a ƙarshen shekarun 1970, ta zama hanyar samun kuɗin gwamnatin wariyar launin fata, har Amurka ta hana shigo da ita a 1985. Shi ya sa da aka yi Lethal Weapon 2 a 1989, miyagun fim ɗin jami'an diflomasiyyar Afirka ta Kudu ne, Krugerrand kuma ita ce alamar ƙazamar dukiyarsu. Mai kallo na wancan lokaci da ya gan ta ya gane saƙon.

Akan samu lokacin da ta gaskiyar ke bayyana a gaban kyamara, amma sai ya zama labari saboda ƙarancinsa. A 1973 shirin talabijin na Hawaii Five-O ya nuna ainihin kwandalar senti biyar ta 1913 mai hoton Liberty, ɗaya daga cikin biyar kacal da ke duniya. Ba ta zinari ba ce, amma ta nuna yadda abin yake: bayan wannan fitowa har sunan shirin ya bi ta, kuma a 2010 an sayar da ita fiye da dala miliyan 3.7. A nan darajar tarihi da ta fim sun haɗu a jiki ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Masu irin wannan dukiya ba sa son bayar da aronta, domin ana auna lafiyar kwandala a kan ma'auni daga 1 zuwa 70, kuma ƙarzuwa ɗaya daga faɗuwa ƙasa tana iya sauke ta mataki, ta tafi da kuɗi masu yawa.

Tarihin da aka karkatar

A nan ne ra'ayi ya rabu. Masu shirya fim suna cewa su labari suke bayarwa, ba darasi ba, kuma babu wanda ya sayi tikiti don a koya masa awon ƙarfe. Masana tarihin kuɗi kuma suna cewa abin da mutum ya gani a allo yana yaro shi ke zama masa gaskiya har ya tsufa.

Ina ganin masanan suna da hujja mai ƙarfi. A Pirates of the Caribbean na 2003, labarin ya ginu a kan sulallan zinarin Aztek guda 882 da aka ba Cortés, jagoran Sifaniyawan da suka ci daular Aztek ta Meziko da yaƙi. Mutanen Aztek sun iya aikin zinari matuƙa, amma ba su taɓa buga kuɗin zinari ba. Cinikinsu da ƙwayar koko da ƙyallen auduga suke yi, kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Abin da Sifaniyawa suka kwasa bayan faɗuwar Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a 1521 kayan ado ne da na ibada, suka narkar da mafi yawansu. Mayar da wannan ɓarna zuwa akwatin sulalla yana ɓoye ainihin abin da aka hallaka.

Sannan dukiyar da jiragen Sifaniya suka yi ta jigila daga nahiyar Amurka galibinta azurfa ce. Kuɗin da aka fi sani a tekun a wancan zamani shi ne riyal takwas, na azurfa, mai nauyin kimanin giram 27. Jirgin Sifaniya mai suna Atocha da ya nitse a 1622, wanda mai neman dukiyar ƙarƙashin teku Mel Fisher ya gano babban tulinsa a 1985 a gaɓar Florida, abin da ya fi yawa a cikinsa sanduna da sulallan azurfa ne. Kuma sulallan wancan lokaci ba zagayayyu ba ne sumul kamar na fim. Guntun ƙarfe ake yankowa a buga masa hatimi da guduma, ya fito a karkace, rabin rubutun ma bai hau ba. Wanda fim ya saba masa da kyakkyawa, in aka nuna masa ta gaske sai ya raina ta, in aka nuna masa jabu mai kyau sai ya yarda. Cutar ke nan.

Sai dai a yi adalci. Mutane da yawa da suka zama masana wannan fanni, fim ne ya fara jawo hankalinsu.

Dalma ta dala miliyan huɗu

To me ya sa kayan gangan ke tsada? Fim ɗin The Maltese Falcon na 1941 ya isa misali. Labarin na mutanen da ke kashe juna ne a kan gunkin shaho da aka ce zinari ne da duwatsu masu daraja aka lulluɓe da baƙin fenti, daga ƙarshe suka kankare suka tarar dalma ce. Gunkin da aka yi fim ɗin da shi, wanda shi ma dalma ce, an sayar da shi a gwanjon Bonhams a 2013 a kan fiye da dala miliyan 4. Wanda ya saya ya san dalma ce. Abin da ya biya shi ne shaidar cewa wannan ne ya fito a fim.

Shaidar nan ita ce komai. Gidajen gwanjo suna bin takardun kamfanin fim, da jerin hannayen da abin ya bi, har su tsayar da hoton fim su gwada wata lotsawa ko ƙarzuwa da ke jikin abin da wadda ke allo. Da sulalla wannan yana da wuya sosai, domin an buga dubbai masu kama ɗaya, bayan fim ya fito kuma kamfanoni sukan buga wasu dubban don sayar wa masoya. Kama da wane ba ta wane. Takardar shaidar da mai sayarwa ya buga da kansa a kwamfuta ba ta ƙara komai.

Amurka ta yi doka a 1973 da ta wajabta a buga kalmar COPY a jikin duk kwaikwayon tsohuwar kwandala da za a sayar a ƙasar. Dokar ba ta kai ga masana'antun wasu ƙasashe ba, kuma kayansu ne suka cika kasuwannin intanet.

Mai saye a nan gida

Wanda ke Kano ko Damagaram ko Kumasi da wuya ya je gwanjon kayan fim. Abin da zai iya zuwa masa shi ne wani ya ja shi gefe ya nuna masa kwandala a ƙunshin tsumma, da labarin an tono ta, ko an gaje ta, ko mai ita yana cikin matsi ne zai karyar.

Shekarar da ke jiki ba hujja ba ce, kuma mu mun fi kowa sanin haka. Riyal ɗin azurfa mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, wadda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar ana ciniki da ita a Kukawa a farkon shekarun 1850, tana ɗauke da 1780. Amma an ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba a canza ba, ɗaruruwan miliyoyi, har zuwa zamaninmu. Tana iya zama azurfa ta gaske, amma 1780 ɗin ba ta nuna ranar da aka buga ta.

Cizon da ake yi a fim ma kada a dogara da shi. Sulallan zinari da yawa ana gauraya su da jan ƙarfe don su yi tauri, haƙori ba ya shigarsu da sauƙi. Wadda ta lotsa da cizo ta fi kusa da zama dalma. Mayen ƙarfe ba ya kama zinari, amma ba ya kama tagulla ma, don haka shi kaɗai bai wadatar ba.

Akwai kuma fuskar addini, wadda ta shafi kusan kowane gida. Nisabin zakkar zinari miskali 20 ne, kimanin giram 85, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Duka biyun da nauyin zinari ake lissafa su, ba da kyan hoto ko tsufan labari ba. Matar da ta mayar da kuɗin adashinta kwandalar da ruwan gwal ne kawai a bayanta, ta ajiye tagulla ne tana zaton ta yi tanadi, kuma ba za ta gane ba sai ranar da buƙata ta kai ta kasuwa. Wannan ne ya fi damuna a cikin lamarin duka, domin irin waɗannan masu ajiya ba su da rarar da za su yi asara.

Abin da ke tona asiri shi ne awo biyu a tare, nauyi da girma. Fam ɗin zinarin Ingila giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22. Dala 20 ta Amurka giram 33.4, faɗi milimita 34. Krugerrand mai oza ɗaya giram 33.93. Kwaikwayon tagulla da ya yi daidai da girman zai zo da kusan rabin nauyin, wanda ya yi daidai da nauyin kuma dole ya fi kauri ko faɗi. Ƙarfen tungusten ne ke kusan daidai da zinari a nauyi, shi kuma in an ƙwanƙwasa shi ba ya ba da amon da ya kamata, kuma manyan dillalai suna da na'urar da ke gano shi. A kai ta wurin mai shagon gwal da kai ka zaɓa, ba wanda mai sayarwa ya nuna maka ba, a ɗora a sikeli a gabanka kafin ko sisi ya fita daga aljihunka.